Harsashi da nisa: abin da maharbanmu ke mantawa

Tun da makamai suka bazu a Libiya bayan 2011, farauta a Fezzan ta canja kama. Nan Sabha, yawancin maharban da nake hira da su Kalashnikov suke ɗauka, don ita ce a hannu. To amma fa ba don harbin nesa aka ƙera ta ba. Harsashinta mai lamba 7.62x39, da ya wuce mita 300 sai ya riƙa yin ƙasa, ƙarfinsa ya ragu.

Ragon dutse, wanda Larabawa ke kira waddan, da ke duwatsun Akakus kusa da Ghat, ba ya yarda a matso shi. Sai a harbe shi daga nesa, a same shi a cinya ko a ciki, ya gudu ya mutu cikin kwazazzabo. An yi asarar rai, nama kuma ya zama mushe.

Shi ya sa maharban ƙasashen waje ke zaɓen .308 Winchester, wanda ya fito a 1952, ko .300 Winchester Magnum na 1963. Sun fi shi yawan albarushi, suna kai wa nesa da ƙarfinsu, sai dai na biyun yana bugun kafaɗa sosai.

Ni dai damuwata ta wuce nan. A 2016 masu bincike sun zagaya yankin Termit na Nijar suna neman dabbar da ake kira addax, uku kacal suka gani. Don haka ɗan'uwa, in ba ka da tabbacin kayar da dabba da harbi ɗaya, ƙyale ta ta wuce.