Shin Waken Suya Yana Rage Wa Namiji Ƙarfi?

Jita-jita ta bazu cewa cin waken suya yana rage sinadarin mazantaka, watau testosteron, har waɗansu magidanta suka ƙaurace wa awara. Tushen tsoron shi ne waken yana ɗauke da isofilabon, wanda ya yi kama da sinadarin jikin mata. Amma a 2021 masana suka tattara sakamakon bincike 41, suka tarar bai rage sinadarin maza ba. Hakika a 2008 an ba da labarin wani dattijo a Amurka da nono ya fito masa, to amma kusan lita 3 na madarar waken yake sha kullum. Da ya daina, sai ya samu sauƙi. Saboda haka kada talaka ya guji abincin da ke maye masa gurbin nama.