Askin wuya da ƙasan haɓa: santsin da ke jawo ƙuraje

A Icirnawa da sauran garuruwan yankin Matameye na jihar Damagaram, magidanta da yawa ba sa aske gemu. Abin da ke kai su gaban wanzami ranar Juma'a ko jajibirin Salla shi ne gyaran fuska: a daidaita saje, a share kumatu, a fitar da layin muƙamuƙi, a kwashe gashin da ya gangara wuya. Wurin ba shi da faɗi, amma nan aska ta fi yin ɓarna, kuma galibi wanda ake yi wa askin ne ke roƙon ɓarnar da bakinsa. Da ya shafa wuya ya ji ɗan kaushi, sai ya ce, "Baba, a ƙara bi, bai yi santsi ba."

Wanzanci sana'ar gado ce a ƙasar Hausa, har da sarautarta ta Sarkin Aska. Mutumin da ke gyara wa uba fuska shi ne ke yi wa jaririnsa askin suna ranar bakwai, shi ke yin kaciya da ƙaho. Duk wanda ya tsaya ya kalli gwani yana aiki zai ga ilimi a hannunsa. Zai zaro aska daga zabira, ya wasa ta a dutse, ya goga ta a fata ko a tafin hannu. Zai jiƙa wurin ya murza sabulu, domin gashi in ya sha ruwa na 'yan mintuna yakan yi laushi, ya yanku ba gardama. Sannan ya kwantar da askar, bakinta ya karkata kaɗan, ya riƙa ja a gajarce yana share kumfa. In ya zo maƙogwaro ba ya hawa kansa, sai ya janye fatar gefe da babban yatsa, ya aske ta a inda ta kwanta.

Wuya ya fi kumatu wuyar sha'ani. Fatarsa ba ta da kauri, tana da sakwarkwacewa, ga kwana a bakin muƙamuƙi. Gashinsa kuma ba ya bin hanya ɗaya. Na ƙasan haɓa yakan kwanta ya nufi ƙasa, na gindin wuya a wajen mutane da yawa yakan nufi sama, wani ya karkata gefe, wani ya yi nadi. Saboda haka jan aska ɗaya daga sama zuwa ƙasa yana iya bin kwanciyar wani gashin ya saɓa wa wani.

Ga yadda ƙurajen aski ke samuwa. Gashin baƙar fata nannaɗe yake tun daga cikin raminsa. Aska tana yanke shi a karkace, ta bar masa tsini. In an ja fata da ƙarfi kafin a yanke, gashin zai leƙo fiye da ƙa'ida, da an saki fatar sai guntun ya nutse ƙasa da bakin ramin. Gemu kuwa ba ya hutawa, yana ƙara kusan santimita ɗaya a wata. Guntun nan mai tsini zai ci gaba da tsiro yana lanƙwasa, sai ya huda bangon ramin daga ciki, ko ya fito ya juyo ya soki fatar daga waje. Jiki yana ɗaukarsa kamar ƙaya ce ta shige shi, sai wurin ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara ruwa. In abin ya daɗe yana maimaituwa, ya bar baƙin tabo, a jikin wasu ma ya zama tudun tabo mai tauri. Irin wannan tudun ne ake gani a ƙeyar samarin da ake yawan kankare musu baya.

Matsalar ba ta tsaya ga ƙasar Hausa ba. Rundunar sojan Amurka, wadda ke wajabta aske fuska, a baya ta daɗe tana ba sojojin da ke fama da ita takardar likita ta sassauci, akasarinsu baƙaƙen fata. Reza ta zamani ma ba ta kawo sauƙi ba. A 1971 kamfanin Gillette ya fito da reza mai baki biyu, bakin farko ya ɗago gashi, na biyu ya yanke shi kafin ya koma. Ga mai miƙaƙƙen gashi wannan daɗi ne, ga mai nannaɗaɗɗe kuwa ƙofar ƙuraje ce. A nan askar wanzami mai baki ɗaya ta fi, muddin an bi kwanciyar gashi, ba a ja fata da yawa ba, kuma ba a yi ta maimaita wuri ɗaya ba.

Ƙurajen suna buɗe ƙofar abin da ya fi su muni. Wuyan da ya yi gudaji ba ya askuwa sai an fasa wasu, kowane kuma da ɗigon jininsa a bakin aska. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a wajen jiki, ko da jinin ya bushe, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita a duniya, kimanin miliyan 65 daga ciki a Afirka. Akasarinsu ba su san suna da ita ba, domin takan yi shekaru shiru kafin hanta ta lalace. Goge aska da tsumma ko ɗauraye ta a ƙoƙon ruwa ba ya kawar da ita. Wannan ne ya sa hukumomin Saudiyya ke umartar masu aski a Mina su yi wa kowane alhaji aiki da sabuwar reza, a jefar bayan an gama.

Gyaran bai fi ƙarfin kowa ba. Akwai aska mai mariƙi wadda ake sa wa rabin reza, a canza ga kowane mutum a gaban idonsa. Mai son askar gargajiya ya mallaki tasa, ya riƙa kai wa wanzami. In ta haɗaka ce, a wanke ta da sabulu, a tafasa ta minti 20. Wanda ƙuraje suka riga suka kama ya ba wuyansa hutu na kamar wata guda, gashin zai yi tsawo ya zare kansa daga fata. Bayan nan ya koma saisaye da almakashi ko inji, a bar masa ɗan tsawo. Kada a tone ƙurji da allura ko a tsige gashin. In ya yi ruwa ko ya fara tauri, a je likita. Allurar rigakafin ciwon hanta kuma tana nan, tana cikin waɗanda ake yi wa jarirai.

Masu magana sun ce wanzami ba ya son jarfa, to bai kamata ya so wa wanda ya miƙa masa wuya ba. Shi ma mai zuwa aski ya rage naci. Ingancin gyaran fuska ba ya bayyana ranar da aka yi shi, sai bayan kwana uku, lokacin da sabon gashi ya fara fitowa. Ɗan kaushin da wanzami ya bari shi ke ba gashin hanyar fita lafiya, don haka in ya ce ya isa, a yarda da shi.