Yadda lakwal ta fito daga barikin soja

A yau yaro ya kan ɗauki allonsa ya tafi lakwal da ƙafarsa. A zamanin kakanninmu ba haka abin yake ba. Lakwal ta farko a ƙasarmu cikin barikin soja aka haife ta.

A shekarar 1898 aka kashe kaftin Kazamaju a Damagaram. Shekara ta zagayo, a 1899, sojan Faransa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga birni. Suka gina bariki bisa duwatsu, suka sa mashi sunan kaftin ɗin. A lokacin nan ƙasar duka hannun soja take.

To, Nasara ba su jin Hausa, talakawa ba su jin Faransanci. Kumandan yana son tafinta, yana son mai rubuta haraji. Shi ya sa a barikoki aka soma tara yara. Malamin lakwal babu. Sarjan ne ke koyarwa, ko tafinta, in sun ƙare aikinsu. Karatun kuwa kaɗan ne: Faransanci na baka, baƙaƙe, da ƙidaya.

Kumandan ya ce ɗiyan sarakai yake so. Nan fa hankali ya tashi. Wane uba ne za ya kai ɗansa inda ake busa ƙaho, ga bindiga, ga bulala? Mutane suka ce za a maida yara soja, ko a raba su da salla. Kuma tsoron nan ba na banza ba ne, gama daga barikin ne ake fitowa kamun aikin dole. Aka riƙa ɓoye yara a rumbu da ruga. Sarakai da yawa suka tura ɗiyan bayi da na barori a madadin nasu. Daga baya waɗansu cikin yaran nan suka zama tafintoci da ma'aikata, har ɗan sarki ya zo yana jira a ƙofar ofishinsu.

A 1922 mulki ya fita hannun soja. A 1926 aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Lakwal ta bar bariki, ta samu malamai ƴan ƙasa, irin su Bubu Hama da Diori Hamani. Amma tsoro bai bar ƙauye ba. Ran 3 ga Agusta 1960, da muka samu ƴancin kai, cikin yara 100 ko 5 ba su zuwa lakwal.