Masu Ƙona Gawayi a Bobi

A Bobi, cikin ƙaramar hukumar Mariga ta masarautar Kontagora, mai gawayi kan shiga daji da gatarinsa tun da sanyin safiya. Ya sare kirya ko marke, ya daddatsa, ya jera, ya lulluɓe da ciyawa da ƙasa, ya bar 'yan kafofi, sannan ya cinna wuta. Gwanintar duk tana wajen tsaron iska: in ta yi yawa a kwashi toka, in ta yi kaɗan itacen ya fito bai nuna ba. Hayaƙi yake karantawa. Fari mai kauri na nufin ruwa ke fita, in ya tsinke ya yi shuɗi-shuɗi sai ya toshe kafa. Bayan kwanaki a tone, a ɗura a buhuna, motoci su kai wa maƙera da masu tsire da masu guga a birane.

Abin da ke cikin buhun nan kabon ne, wanda bishiya ta yi shekara da shekaru tana zuƙa daga iska, har ya kai kusan rabin nauyin busasshen itacenta. Ranar da aka hura gawayin, kabon ya koma sama ya ƙara ɗumamar yanayi, daji kuma ya rasa inuwa.

A Norway, tun 1996 ake tura iskar kabon ƙarƙashin teku a filin gas na Sleipner, da injuna masu tsadar gaske. Mai gawayin Bobi na iya yin irin wannan ajiya da hannunsa. Gawayin da aka binne a gona kan riƙe kabon ɗaruruwan shekaru, ya kuma riƙe laima da taki. Baƙar ƙasa mai gawayi da mutanen zamanin da suka bari a dajin Amazon na Brazil har yau albarka take yi.

Wannan aiki ba ya buƙatar sare kaɗanya ko ɗaya. Totuwar masara, karan dawa, ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa sun isa. A ƙona su a rufe, a daka, a cuɗa da kashin shanu, wanda makiyayar Bobi ke da shi a yalwace, a watsa kafin huɗa.

Najeriya ta yi alkawari a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 kabon da take fitarwa ba zai wuce wanda take janyewa ba. Malaman gona su nemi masu gawayi, a koya musu wannan, a sama musu masu saye. Mutumin da gona ke biyansa ladan wutarsa zai bar kirya a tsaye.