Maginan Manhajar Intanet a Sakkwato

Aikin yakan fara ne da zama a ofishin mai makaranta ko a rumfar ɗan kasuwa. Mai makarantar kuɗi a unguwar Mabera yana son iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu ta waya. Dillalin albasa kuwa so yake ya san buhu nawa ya loda wa motar Legas, da waɗanda ba su biya ba. Magini zai saurara, ya karɓi tsohon littafin rajista ya ga yadda ake cika shi, domin daga nan yake fitar da tsarin rumbun bayanai. Wanda ya tsallake wannan zama tela ne da ya yanka yadi bai yi awo ba.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfutar cinya, data da wuta. Da HTML da CSS da JavaScript ake ƙera fuskar da mutum zai gani, a bayan fage kuma da yawa suna amfani da PHP da MySQL, kuma duk kyauta ake samunsu. Wasu maginan sun fara koyo a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Amma hannu ba ya faɗawa sai an kwana ana farautar kuskure ɗaya a cikin ɗaruruwan layuka.

A ganina, ƙa'idar da ta fi kowace nauyi a garin nan ita ce a yi gini don wayar da ke hannun talaka. Uban da zai duba sakamako ƙaramar Itel ko Tecno gare shi, datarsa ta kwana ɗaya ce, wataƙila daga Illela ko Wurno yake ƙoƙarin shiga. Don haka gwani yakan rage nauyin hotuna, ya cire adon da ba ya aikin komai, ya sa maɓalli babba da rubutu a Hausa inda ya dace, sannan ya gwada a irin wannan wayar kafin ya miƙa aiki. Idan sabis ya yanke ana tsakiyar cike fom, bai kamata abin da mutum ya rubuta ya ɓace ba.

Sai amana. Sunayen yara, lambobin iyaye da bashin abokan ciniki duk suna hannun magini. Ba a ajiye kalmar sirri a fili, ba a kwana ba tare da kwafin ajiya ba, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanai da ke hawa kan mai sakaci.

Wurin kashe kuɗi ne ake jin jiki. Sunan shafi mai ƙarewa da .ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, duk shekara ake sabunta shi. Hayar sabar sau da yawa da dala ce, alhali ladan da naira ake biya, kuma faɗuwar naira tun 2023 ta cinye ribar kwangiloli da dama. A 2025 aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Ga bazarar Sakkwato da ke haura digiri 40: in an ɗauke wuta, sai janareta ko sola, kwamfuta na huci a ɗaki.

Ciniki kuma sai da haƙuri, don akwai mai cewa, "Malam, ai danne-danne ne kawai." Masu wayo sukan rubuta yarjejeniya, su karɓi kafin alƙalami, sauran idan an miƙa aiki. In manhajar za ta karɓi kuɗi, sai a haɗa ta da Paystack ko Flutterwave, su ma su cire nasu kason. Abin da ke riƙe gida shi ne kuɗin kulawa na shekara-shekara, domin ranar da makaranta ta saki sakamako iyaye suka yi wa shafin caa, maginin ake bugowa waya, ko da tsakar dare ne.