Matsalar ƙofar jirgin sama: Abin da ya kamata fasinjan ƙananan jirage ya sani

Jiragen da ke jigilar fasinjoji tsakanin Abuja da filin jirgin sama na Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi sun haɗa da ƙanana masu farfela, irin su ATR da kamfanin Overland ke amfani da su. Irin wannan jirgi yakan tashi ya sauka sau da dama a yini, kuma duk sauka sai an buɗe ƙofa an rufe. Shi ya sa sakatun ƙofa ke cikin sassan da suka fi shan aiki a jikinsa.

A Najeriya, batun ya ja hankali a watan Fabrairun 2018, lokacin da ƙofar fita ta gaggawa ta wani jirgin Dana Air da ya taso daga Legas ta ɓalle bayan ya sauka a Abuja. Wasu fasinjoji sun ce tun ana sama suke jin ƙofar tana karkarwa. Kamfanin kuwa ya ce ba za ta faɗi ba sai wani ya taɓa ta da gangan. Ba a rasa rai ba.

Abin lura shi ne a ƙasa ta faɗi, kuma akwai dalili. Idan jirgi ya lula sama, ana dannar iska a cikinsa domin mutane su yi numfashi, sai matsin ciki ya fi na waje. A manyan jirage bambancin kan haura nauyin tan 5 a kan kowace murabba'in mita. An ƙera ƙofofi da yawa kamar toshiya, gefensu na ciki ya fi bakin faɗi, saboda haka matsin yana ƙara manne su ne, ba ƙaton da zai iya ja. Da zarar jirgi ya sauko, wannan kariya ta tafi. A ranar 26 ga Mayun 2023 wani fasinja ya buɗe ƙofar jirgin Asiana ana dab da sauka a birnin Daegu na Koriya ta Kudu, domin a lokacin matsin ya riga ya ragu.

Ƙananan jirage labarinsu daban ne. Ƙofar fasinja ta ATR, haka ta Beechcraft 1900 mai kujeru 19, waje take buɗewa ta sauko ta zama matakala. Wannan yana da amfani a filayen da kayan aiki suka yi ƙaranci, kuma mutanen Bauchi ba su manta da Disambar 2015 ba, sa'ad da fasinjojin wani Boeing 737 na Aero Contractors suka sauko ta tsani saboda rashin matakala, har Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Ƙasa, NCAA, ta ci kamfanin tara. To amma ƙofar da ke buɗewa waje, matsin iska tura ta yake yi, sakatu da ƙugiyoyi ne kaɗai ke riƙe da ita. Idan mariƙi ya kwanta alhali sakata ba ta shige ramin ta ba, ido zai ga ƙofa a rufe, nan kuwa ba a kulle take ba. Haka ta faru da ƙofar kaya ta jirgin DC-10 na Turkiyya da ya faɗi kusa da Paris a ranar 3 ga Maris 1974, mutum 346 suka rasu. Tun daga nan aka tsananta sanya tagar leƙen sakata da fitilar gargaɗi a gaban matuƙi.

Akwai kuma jirage irin su Cessna Caravan da ba a dannar iska a cikinsu. Idan ƙofarsu ta buɗe, yawanci da tashi ne, sai ƙara da iska su cika ciki, amma jirgin yana iya ci gaba da tafiya. Haɗarin ya fi zuwa daga ruɗewar matuƙi, idan ya bar tuƙi ya koma kokawa da ƙofa yana kusa da ƙasa. Horon da ake ba su shi ne su riƙe jirgi, su zagayo su sauka, sannan a rufe.

Sabon jirgi ma bai tsira ba. A ranar 5 ga Janairun 2024 toshiyar ƙofa ta fice daga Boeing 737 MAX 9 na Alaska Airlines a Amurka, a tsayin ƙafa kusan 15,000, bincike kuma ya gano ba a mayar da ƙusoshi 4 ba a masana'anta. Babu wanda ya zauna a kujeru biyun da ke dab da wurin, kuma ba a rasa rai ba.

Ga fasinja, bel ɗin kujera shi ne kariya ta farko, a bar shi a ɗaure ko an kashe alamar. Wanda aka zaunar kusa da ƙofar gaggawa kada ya taɓa mariƙinta sai da umarni. Idan ya ji fito, ko karkarwa, ko ya hango haske ta gefen ƙofa, ya sanar da ma'aikatan jirgi nan take, tun jirgi bai hau titin tashi ba in da hali. Bayan sauka yana iya kai ƙorafi ga NCAA, binciken manyan aukuwa kuma yana hannun Hukumar Binciken Haɗurra ta Ƙasa, NSIB.