"Kaina Ne Littafina": Maganar da Ke Cinye Jarin 'Yan Uwanmu a Kudu

Akwai maganar da na gaji da jin ta a bakin 'yan uwanmu mazauna Kudu, tun daga Obiagu a Inugu har gindin gada a Anacha da Mile 3 a Fatakwal. Ka ce wa mutum ya sayi ɗan littafi ya riƙa rubuta bashi da ayyukan gobe, sai ya nuna goshinsa ya ce, "Malam, kaina ne littafina." In ka matsa, ya ce tsara gobe shisshigi ne, ai gobe ta Allah ce. Da wannan ake rufe bakin mai nasiha, jari kuwa yana ta zurarewa.

Tsarin aiki dai bai wuce ka san abin da za ka yi, da lokacinsa, da wanda ya kamata ya riga wani ba.

Gobe ta Allah ce, babu mai musu. To amma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan me take magana? A kan rubuta bashi, ƙanƙane ko babba, da ajalinsa, da kafa shaidu. Mutanen da aka fara yi wa wannan umarni su ne suka haddace Alƙur'ani da dubban hadisai. Su aka ce su rubuta, sai kai da kake manta inda ka ajiye makullin shago? Annabi Yusuf, Alaihis Salam, shirin shekara bakwai na ajiyar hatsi ya tsara wa Masar, ba wanda ya ce ya rasa tawakkali. Ko kakanninmu fataken goro masu zuwa Gwanja ba da ka suke tafiya ba: madugu ya san zangon da za a kwana, ga jagaba, ga malamin ayari mai riƙe alƙalami. Saboda haka a daina jingina kasala da addini. Abin kunya ne.

Zaman Kudu ma ya fi buƙatar rubutu. Ciniki ne da guntun Turancin buroka, wata Madam ta ɗauki kwandon tumatur ta ce sai jibi, wani mai gidan abinci ya karɓi buhun albasa ya ba da rabi. Bayan mako biyu an hau gardama, kowa na rantsuwa, a kai ƙara gaban Sarkin Hausawa, a tambayi shaida a ga wayam. Daga nan sai ka ji ana cewa "sun cuce ni". Wani lokaci an cuce ka ɗin, amma sau da yawa kai ne ka manta. Dubi maƙwabcinka Ibo a babbar kasuwar Anacha: yaron shagonsa ma da littafi yake wuni.

Sannan ranakun kasuwar ba su cika ba. Tun 9 ga Agustan 2021 da ƙungiyar 'yan a-ware ta IPOB ta fara dokar zaman gida ranar Litinin, shekaru aka yi ana asarar wannan rana a Anacha da Inugu, ko da yake gwamnatin Inugu ta sanar da soke ta a Yunin 2023. Ɗan gwarin da bai lissafa ba, motarsa ta taso daga Kano ta iso daren Lahadi, shi ya san yadda tumatur ke narkewa a kwando. Rashin wuta da ruwan sama da shingayen hanya su ma suna da nasu laifin.

Gyaran ba tsada. Allah Ya riga Ya raba mana wuni da salloli biyar, sai mu rataya ayyukanmu a jikinsu. Bayan Asuba, kafin ka taɓa waya, rubuta abu uku kacal da ba ka so Magariba ta same ka ba ka yi ba, ka fara da wanda ka fi ƙi, wanda galibi bin bashi ne. Da Azahar ka duba me ya rage. Bayan Isha'i ka ƙirga cinikin ranar, ka ware uwar kuɗi daban, riba daban, abin aika wa gida daban. Bashi kuwa a rubuta shi nan take a gaban mai karɓa, da suna da kwanan wata da ranar biya, ba wai "in na zauna" ba. In ta POS ko tiransifa aka biya, kada kaya su bar gabanka sai ka ga alat a wayarka.

Ba ka iya boko ba? Rubuta da ajami. Shi ma babu? Wayar da kake wuni da ita a TikTok tana ɗaukar murya, faɗa mata. Ranar Juma'a bayan masallaci ka zauna minti goma ka dubi mako mai zuwa: yaushe mota za ta taso, yaushe za ta sauka, wace kasuwa ce ke ci. Mai kai kaya kasuwar Oil Mill a Fatakwal ya san Laraba ce ranarta, to shirinsa tun Litinin ya kamata ya kammala. Aikin da bai kai minti biyu ba, kamar kiran direba, yi shi yanzu.

Iyayen gida da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, don Allah duk yaron da ya sauka wurinku daga Arewa, ku haɗa masa jarinsa da littafi da biro, ku kuma riƙa duba littafin duk mako.